Inda Jiki Ba Magayi Ba Ne: Ƙwayoyin Cutar Da Ke Kwanton-Ɓauna A Fitsarin Mai Juna Biyu

Bahaushe ya ce jiki magayi, wato duk abin da ya sami mutum jikinsa ne zai fara ba shi labari tun kafin boka ko likita ya buɗe baki. A kan wannan fahimta aka gina yawancin kalmominmu na rashin lafiya. Mai karatu ya dubi kalmar “ciwo” kawai. Ita ce muke amfani da ita ga zafin da mutum yake ji, kamar ciwon kai da ciwon haƙori, ita ce kuma muke liƙa wa cutar kanta, kamar ciwon suga da ciwon hanta da ciwon daji. Kalma ɗaya tana ɗauke da kaya biyu, kuma a zuciyar mai magana kayan nan biyu ba sa rabuwa. Saboda haka idan ma'aikaciyar asibiti ta dubi mace mai ciki wata huɗu, wadda ta tako da ƙafarta, ta ci ta ƙoshi, ba ta jin komai, ta ce mata tana da ciwo a fitsarinta, to abin da ya shiga kunnen matar shi ne tufka da warwara: ciwon da ba ya ciwo.

Digirina na uku a kimiyyar harshe ne, kuma ta ƙofar harshe na shigo wannan magana. Lokaci zuwa lokaci akan kawo wa sashenmu takardun wayar da kan jama'a a kan lafiyar mata domin a mayar da su Hausa, kuma babu inda alƙalami yake cijewa kamar inda aka zo ga wata larura da Turanci ya ba ta suna mai tsawo, ma'anarsa kuwa ita ce samuwar ƙwayoyin cuta a fitsari ba tare da wata alama ba. Mai fassara zai iya jera waɗannan kalmomi daidai, nahawu bai karye ba, amma saƙon bai isa ba. Wannan cijewar ce ta sa na bi diddigin abin da likitoci suka rubuta a kan larurar, na kuma ga cewa maganar ta wuce ta kalmomi, domin akwai ran uwa da na jariri a ciki.

Ga yadda abin yake. Ƙoda biyu ne suke tace fitsari, ya gangaro ta wasu siraran bututu biyu zuwa mafitsara, daga nan ya fita ta wata gajeriyar hanya wadda a jikin mace tsawonta bai wuce kimanin santimita 4 ba. Gajartar hanyar nan da kusancinta da dubura su ne suke sa ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanji su sami saukin hawa zuwa mafitsara. Babbar mai laifi ita ce ƙwayar da ake kira ikolai, wadda wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya gano a shekarar 1885. Ita ce ake samu a mafi yawan matan da aka gwada. A hanji ba ta da illa, gidanta ne. A mafitsara kuwa wani lokaci takan haddasa zafin fitsari da yawan zuwa bayi da ciwon mara, wani lokaci kuma ta zauna ta yi ta hayayyafa shiru, mai ɗauke da ita ba ta san tana yi ba. Littattafan likitanci suna ƙiyasta cewa tsakanin mata 2 zuwa 10 cikin kowane mata 100 masu juna biyu suna cikin wannan hali, kuma adadin yakan ƙaru ga masu ciwon suga, da masu sikila ko masu ɗauke da iri ɗaya na jinin sikila, da waɗanda suka taɓa fama da cutar mafitsara a baya. Batun sikila bai kamata ya wuce mu ba, tunda kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da irin.

Idan macen ba ta da ciki, yawanci babu abin da ke biyo baya, ƙwayoyin sukan zo su tafi da kansu. Ciki ne yake sauya lissafi. Sinadarin firojestaron da jiki ke ƙara samarwa domin riƙe cikin yana sa naman bututun fitsari ya saki, ya buɗe, tafiyar fitsari ta yi nawa. Mahaifa kuma tana girma tana danne bututun, musamman na ɓangaren dama. Bugu da ƙari, fitsarin mai ciki yakan ɗauki ɗan suga da wasu sinadarai da ƙwayoyin suke ci. Duk wanda ya taɓa lura da kwata ya san bambancin ruwan da ke gudu da ruwan da ya kwanta. To haka ne a nan: fitsarin da ya kwanta tsani ne da ƙwayoyin suke takawa daga mafitsara su hau ƙoda.

Wanda ya fara haska wa duniya wannan al'amari shi ne Edward Kass, likita a Jami'ar Harvard da asibitin birnin Boston a Amurka. A shekarar 1956 ya kawo hanyar rarrabe fitsarin da yake ɗauke da cuta da gaske da wanda ƙazantar fata ce kawai ta faɗa masa lokacin da ake tara shi. Ya ce a ƙirga: idan an sami ƙwayoyi 100,000 ko fiye a cikin mililita ɗaya, wato kashi ɗaya bisa biyar na ƙaramin cokalin shayi, to daga mafitsara suke. Har yau da wannan ma'auni ake aiki. A 1960 ya bayyana abin da ya gani a tsakanin mata masu ciki: waɗanda aka sami ƙwayoyin a fitsarinsu aka bar su ba magani, kusan kashi 40 cikin 100 nasu sun kamu da cutar ƙoda kafin su haihu, waɗanda aka ba magani kuwa suka tsira kusan baki ɗaya. Binciken da ya biyo baya a shekarun 1960 da 1970 ya saukar da adadin zuwa kashi 20 ko 30, amma bai rushe maganar ba. Daga nan ne gwajin fitsarin mai ciki ya shiga tsarin awo a ƙasashe da dama.

Cutar ƙoda a lokacin ciki ba wasa ba ce, kuma a nan ne nake son mai karatu ya ɗan tsaya. Alamominta su ne zazzaɓi mai zafi, da rawar sanyi, da amai, da ciwo a kwiɓi ko a baya ƙarƙashin haƙarƙari. Yanzu a gaya mini, a gidan Bahaushe, da damina, mace mai ciki ta kwanta da zazzaɓi da rawar ɗari da amai, me za a ce ya same ta? Maleriya, babu ko tantama. Za a aika yaro kemis. In kwana uku suka wuce ba sauƙi, sai a ce ai taifot ne ya haɗu da ita, a sake aikawa. Kafin a kai ga tunanin ƙoda, wataƙila ƙwayoyin sun riga sun shiga jini, jini ya yi ƙasa, numfashi ya fara wuya, ko kuma naƙuda ta taso ba lokacinta ba a haifi bakwaini. Mai cutar ƙoda da ciki kwantar da ita ake yi a asibiti, a yi mata ƙarin ruwa, a ba ta magani ta jijiya. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 75,000 ne suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2023 kaɗai, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duk irin wannan mace-mace a duniya, duk wata ƙofa da za a iya rufewa da ɗan kuɗi kaɗan ta cancanci a waiwaye ta.

To yaya ake gano abin da ba ya nuna kansa? Amsar da za ta fara zuwa bakin kowace mace mai zuwa awo ita ce, “Ai ana gwada mana fitsari kullum.” Gaskiya ne, amma kalmar “gwaji” ta rufe abubuwa uku mabambanta. Wanda aka fi yi a ranar awo shi ne a tsoma wani ɗan tsinken takarda a cikin fitsari a dubi launin da ya sauya. Abin da ake nema da shi galibi furotin ne da suga, domin a hango hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga, da kuma ciwon suga. Wasu tsinkayen suna da gurbin da ke nuna alamar bakteriya, sai dai wannan gurbi yana kuskure kusan rabin matan da ke ɗauke da ƙwayoyin. Dalili kuwa shi ne, yana dogara ne da wani sinadari da ƙwayoyin ke sarrafawa idan fitsari ya yi kamar awa huɗu a mafitsara, mai ciki kuwa ba ta riƙe fitsari tsawon haka, sannan akwai ƙwayoyin da ba sa sarrafa sinadarin ko kaɗan. Idan tsinken ya ce akwai, to mai yiwuwa akwai. Idan ya ce babu, bai faɗi komai ba.

Na biyu shi ne a shafa ɗigon fitsari a gilashi, a rina shi, a duba ta madubin likita. Wannan rini sunan wani likita ɗan ƙasar Denmark yake ɗauke da shi, Hans Christian Gram, wanda ya ƙirƙiro shi a 1884. Ya fi tsinke kamawa nesa ba kusa ba, ba ya cin lokaci, amma yana buƙatar na'ura da ma'aikacin da ya iya. Na uku, wanda shi ne uban tafiya, shi ne abin da ma'aikatan asibiti suke kira “kalca”. Ni da za a bi ta tawa, “shukar fitsari” za mu riƙa cewa, domin shuka ce ta zahiri: ana ɗibar fitsari a shafa shi a kan wani faranti mai abincin ƙwayoyi, a ajiye a ɗumin da ya yi daidai da na jikin mutum, washegari a zo a ga abin da ya tsiro a ƙirga. Idan ya tsiro, sai a ƙara kwana guda ana jarraba magunguna a kansa domin a ga wanda yake kashe shi da wanda ya raina. Manomi zai gane wannan bayani cikin minti ɗaya, matarsa ma haka. A cikin shawarwarin da ta fitar kan awon ciki a 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shuka ita ce hanyar da ta dace, inda babu halinta a yi rini, ta kuma fifita rini a kan tsinke.

Shuka tana da sharaɗi, kuma a wajen sharaɗin nan ne harshe da kunya suke yi mana ɓarna. Fitsarin da ake so shi ne na tsakiya: mace ta wanke hannu da gabanta da ruwa mai tsabta, ta fara fitsari ta bar na farko ya zuba, ta tari na tsakiya a kwalbar da asibiti ya ba ta, ta ƙarasa sauran a ƙasa. Jimla huɗu ke nan, amma sau nawa ake faɗa wa mace su? Abin da na sha ji a bakin ’yan’uwa mata shi ne, ana miƙo kwalba ta taga a ce, “Je ki kawo fitsari.” Ma'aikacin ɗakin gwaji sau da yawa namiji ne, matashi, matar kuwa ta haife shi ko ta yi ƙanwa da shi, layi kuma ya miƙe har bakin ƙofa. Shi yana jin nauyin ambaton wurin, ita tana jin nauyin tambaya. Hausa kuwa ba ta rasa kalmomin sakayawa ba, muna da “gaba”, muna da “tsarki”, muna da “kama ruwa”, kalmomin da malaman fiƙihu suke karantar da babin tsarki da su a gaban maza da mata ba wanda ya sunkuyar da kai. Abin da malamin zaure ya iya faɗa, ma'aikacin asibiti ma zai iya, in an koya masa.

Wata matsalar ita ce ta lokaci. Ikolai idan ta sami ɗumi da abinci takan ninka kanta cikin kimanin minti 20. Fitsarin da aka tara da asuba a kwalbar magani da aka ɗauraye a gida, aka ƙulle a leda, aka hau babur da shi, ya zauna a kan benci har azahar a zafin watan Afrilu, ko da ƙwayoyi ƙalilan ne suka faɗa masa daga fata, kafin a shuka shi sun zama runduna. Ƙa'ida ita ce a shuka shi cikin awa biyu, in ba haka ba a sa shi a firji. Firji kuma sai da wuta, na'urar ɗumama shukar ma sai da wuta ta kwana cur. Mai karatu ya san halin da wutar lantarki take ciki a ƙaramin asibitin garinsu, ba sai na ɓata tawada ba. Sakamakon da ya fito daga irin wannan fitsari yakan nuna tarkacen ƙwayoyi iri-iri, kuma likitan kirki ba ya rubuta magani a kansa, sake gwaji yake sawa.

Lokacin da aka fi so a yi shukar shi ne zuwan farko, tsakanin mako na 12 zuwa na 16, tun kafin mahaifa ta yi nauyin da za ta danne hanya. A nan kuma sai mu yi karo da al'ada. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mata 18 kacal cikin 100 ne suka fara awo a watanni ukun farko, waɗanda suka je sau huɗu ko fiye kuwa 57 ne, alhali tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga adadin da take so zuwa takwas. Ciki a wurinmu abin ɓoyo ne har sai ya ɓoyu ya gaji. Ana tsoron baki, ana tsoron kishiya, ga kunyar cikin fari wadda takan hana yarinya faɗa wa ko da mahaifiyarta. Kalmar “awo” ita kanta tana da nata laifin, domin tana nuna cewa akwai abin da za a auna, mace kuwa tana ganin cikin wata biyu bai kai a sa masa tef ba. Wadda ta zo a wata na bakwai ma za a yi mata gwajin, kuma yana da amfani, sai dai an bar ƙwayoyin sun yi wata huɗu suna cin karensu babu babbaka.

Idan shuka ta tabbatar, magani ba shi da wuya kuma ba shi da tsada sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kwana bakwai na maganin kashe bakteriya. Ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce kwana huɗu zuwa bakwai. Magungunan da aka saba bayarwa sun haɗa da naitirofurantoyin da sifaleksin da amoksisilin, akwai kuma fosfomaisin da ake kaɗawa a ruwa a sha sau ɗaya tak. Na ambaci sunayen ne domin mai karatu ya ga dalilin da ya sa zaɓin na likita ne. Naitirofurantoyin, wanda yakan sa fitsari ya yi duhu har mace ta tsorata alhali ba komai, ana guje masa idan haihuwa ta kusa, ana kuma guje masa ga masu ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, ƙarancin da ya yawaita a Afirka ta Yamma, domin yana iya farfasa musu jini. Amoksisilin kuwa ikolai ta daɗe da raina shi a wurare da yawa, sai shuka ta nuna yana ci ake dogara da shi. Septrin, wanda kusan kowane gida ya san shi, yana yi wa sinadarin folik zagon ƙasa, wato sinadarin da ake ba mai ciki a ’yar ƙwayar nan rawaya domin kare lakar jariri, don haka ba a son sa a farkon ciki sai in likita ya ga dalili na musamman, a ƙarshen ciki kuma yana iya tsananta shawara ga jinjiri. Kafson tetarasaikilin yana ɓata haƙoran yaro tun yana ciki. Sifrofuloksasin, abin ƙaunar masu maganin taifot, shi ma ana kauce masa. Duk waɗannan ana sayar da su a kemis, wasu ma a faranti a tasha, ba mai tambayar ko mai sha tana da ciki.

Sai kuma matsalar shanye maganin. Wanda zazzaɓi ya kayar ma da ya ji sauƙi yake jefar da sauran ƙwayoyin, ina ga wadda tun farko ba ta ji komai ba? Ba ta da ma'aunin da za ta san ta warke, saboda haka likitoci da yawa suke so a sake shuka bayan mako ɗaya ko biyu da gama magani. Akwai kuma wata ƙwaya ta daban, sitireftokokas rukunin B, wadda idan aka gan ta a fitsarin mai ciki ake rubutawa a katinta, domin ranar naƙuda a ba ta allurar fenisilin ta jijiya saboda kada jariri ya kwashe ta a hanyar fitowa. Wannan kuwa ba ya yiwuwa ga wadda ta haihu a ɗaki.

Adalci ne in faɗa cewa masana ba su haɗu a kan murya ɗaya ba. A 2015 wasu likitoci a ƙasar Holan, inda ba a saba yi wa kowace mai ciki wannan gwaji ba, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan mata fiye da 4,000 masu ciki ɗaya marar matsala. A cikin waɗanda aka sami ƙwayoyin kuma ba su sha magani ba, kashi 2.4 cikin 100 ne suka kamu da cutar ƙoda, a cikin marasa ƙwayoyin kuwa kashi 0.6. Haɗarin ya ninka sau huɗu, amma ina 2.4 ina 40 ɗin Kass? Kuma ba su ga ƙaruwar haihuwar bakwaini ba. A 2019 cibiyar Cochrane, mai tattara bincike tana auna ingancinsa, ta sake duba gwaje-gwaje 15 da suka ƙunshi mata fiye da 2,000, ta ce magani yana iya rage cutar ƙoda da haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyin jariri, amma hujjar ba ta da ƙarfi, domin yawancin binciken tsofaffi ne, an yi su da ƙa'idoji da magungunan wani zamani. A wannan shekarar ce kwamitin ƙwararrun Amurka kan rigakafi ya sauko da darajar shawararsa daga matakin farko zuwa na biyu, ko da yake bai janye ta ba.

Ra'ayina a nan shi ne, wanda zai kawo mana hujjar Holan ya kawo mana Holan ɗin tare da ita. Matar da ke Amsterdam idan zazzaɓi ya kama ta da tsakar dare, kafin gari ya waye ta ga likita, kuma babu wanda zai ce mata maleriya ce. Tana iya jira alama ta bayyana domin tsakanin alama da magani awoyi ne. Matar da ke ƙauye a Jigawa ko Zamfara ko Damagaram, tsakanin alama da magani akwai izinin miji, da kuɗin mota, da hanyar da ruwa ya cinye, da kwanakin da za a ɓata ana maganin sauro. Bugu da ƙari, matan da aka yi binciken a kansu an tace su, an cire masu ciwon suga da masu wata larurar da ke ƙara haɗari. Inda jinya take nesa, a nan ne gwajin da ke riga cuta isa yake da daraja.

Amma fa takobin kaifi biyu ne da shi, kuma ɗaya kaifin ya riga ya fara yanka mu. A ’yan shekarun nan kalmar “infekshan” ta shigo Hausa ta zauna daram, ta auri tsohuwar kalmarmu “sanyi”, suka haifi kasuwa. “Sanyi” a da ya ƙunshi ciwon gaɓoɓi da ciwon mara da cutar da ake ɗauka ta saduwa. Yanzu an ƙara masa ƙaiƙayi da farin ruwa da rashin haihuwa da raunin namiji da duk abin da aka rasa sunansa. Mota mai lasifika tana yawo a kasuwa da maganinsa, rediyo yana tallarsa, dillalan Facebook da TikTok suna aika shi har gida. A wasu ɗakunan gwaji masu zaman kansu da wuya mace ta kai fitsari a ce mata lafiya lau, kullum sai an sami “sitaf”, alhali sau da yawa ƙwayar fata ce ta faɗa kwalba. Ƙa'idojin 2019 da na ambata sun fito fili: macen da ba ta da ciki, da tsoho, da mai ciwon suga, idan ba su da wata alama, kada a gwada fitsarinsu don neman ƙwayoyin, in ma an gani kada a ba su magani. Mai ciki da wanda za a yi wa aiki a hanyar fitsari ne kawai aka ware. Kowane kafso da aka sha ba dalili horo ne ake ba ƙwayoyin. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, yankin da abin ya fi tsanani gwargwadon yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, kuma ikolai ce kan gaba a jerin masu kisan. Ke nan muna ɗura magani ga dubban da ba sa buƙata, muna barin ’yan ƙalilan ɗin da suke buƙata ba gwaji.

Wani abin da ya ba ni sha'awa shi ne, tunanin Bahaushiya bai rasa gurbin da wannan larura za ta zauna ba. Tsofaffinmu sun daɗe suna maganar “zaƙi”, abin da suka yi imani yana taruwa a jikin mai ciki ba tare da ta ji ciwo ba, ya zo ya tsananta naƙuda, shi ya sa ake jiƙa mata saiwoyi masu ɗaci a watannin ƙarshe domin ya fita. Likitanci bai san zaƙi ba, kuma wasu jiƙe-jiƙen suna da haɗari ga uwa da ɗa. Abin lura shi ne siffar tunanin: ɓoyayyen abu, marar zafi, wanda ake kora tun kafin ranar haihuwa. Matar da ta yarda da wannan ba za ta kasa fahimtar ƙwayoyin fitsari ba. Haka kuma hawan jini ya riga ya koya wa birni da ƙauye cewa mutum yana iya yawo da ajalinsa yana dariya. Saura a sami kalmar da ba za ta jawo “ciwo” ko “sanyi” cikin zancen ba, domin ta farko tana sa mace ta ƙaryata, ta biyu kuma tana sa ta zargi mijinta, ko shi ya zarge ta, a kan ƙwayar da daga hanjinta ta fito, ba daga shimfiɗar kowa ba. Ko “ƙwaya” ma sai an yi hattara da ita, tunda ita ce cutar, ita ce maganin, ita ce kuma abin da ’yan shaye-shaye suke haɗiya.

Abin da nake ba masu fassara da malaman asibiti shawara su riƙa cewa shi ne “ɓoyayyun ƙwayoyin mafitsara”, su kuma bi shi da bayani gajere: “Hajiya, mun shuka fitsarinki mun ga ƙwayoyin cuta sun tsiro. Yanzu ba za ki ji komai ba, amma in aka bar su suna iya hawa ƙoda su taɓa cikin. Ba daga maigida kika ɗauka ba. Ki sha wannan kwana bakwai cif, ki dawo mu sake dubawa.” Ga maigida kuma, wanda aljihunsa ne yake yanke hukunci, idan an rubuta shuka a kati kada ya ce ai an gwada fitsari wancan makon, wancan tsinke ne.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, jihohin Arewa da dama kuma sun yi shelar kula da masu ciki kyauta. Ya kamata ’yan majalisar jihohi da ke kwamitocin lafiya su tambayi kwamishinoninsu ko gwajin ƙwayoyin fitsari yana cikin abin da ake kira kyautar, ko kuwa tsinken furotin da suga ne kawai. Ba kowane ƙaramin asibiti ne zai iya shuka ba, amma duk wanda yake da madubin duba jinin maleriya ko majinar tarin fuka yana da rabin kayan rinin Gram a kan teburinsa. Abin da ya rage masa shi ne ’yan kwalaben rini huɗu, da kwalaben tara fitsari masu murfi, da horon ’yan kwanaki ga ma'aikacin da yake zaune a wurin tun da.